Kayan Shara Zuwa Ƙonni

Runjin Sambo, Sakkwato
20 ga Yuli, 2023

Zuwa ga baiwata Atika, ɗiyar gwaggona, shugabar masu shan fura ta Birnin Ƙonni,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce daga ubangidanki Maccido, wanda ba ki zaɓa ba kuma ba ki isa ki canza ba. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki mai haƙurin zama da ke, da yara baki ɗaya. Mu nan sai godiya. Uwargida Sadiya na gaishe ki, ƙafarta ta yi sauƙi. Ni kuwa kunnen nan ne ke ƙara nauyi, saboda haka ki daina ɓarnar kuɗinki wajen kiran waya. In kin kira, abin da nake ji kamar ƙuda ya faɗa cikin kwalba. Takarda ta fi mini, tun da Mode direba bai fasa bin hanyar Illela ba.

Watan cika-ciki ya kama, na san kin fara leƙen bakin titi. To ga sharar bana nan a hannun Mode: sukari, man gyaɗa, taliya, sabulu, da wutsiyar ragon layya da Sadiya ta soya ta adana miki tun Sallah. Atamfa ce babu a ciki. Na zagaya kasuwa har ƙafata ta gaji, ban samu wadda ta kai ki muni ba, na ce a bari sai baɗi.

Muna cikin ɗaure kayan, jikata Luba, ɗiyar Nana, da ta zo mana yini, ta tsaya tana kallo, ta ce, "Kaka, don mi kullum mu ka ba mutanen Nijar, su ba su ba mu?" Na zaunar da ita na yi mata karatu. Na ce ubana da uwar Atika ciki ɗaya suka fito, shi namiji, ita mace. Ɗan namiji ubangida ne, ɗiyar mace baiwarsa ce, haka muka tarar ana wasan. Duk shekara in wannan wata ya zo, ubangida kan biya baiwa ladan share masa gida, ko da kuwa irin Atika ce da ba ta taɓa riƙe tsintsiya a gidana ba. Na ƙara mata da cewa ko ba don haka ba, Nijeriya ce babba, kuma mu muka saba bayarwa. Yarinyar ta gamsu.

Gari ya ɗan yi zafi tun da aka cire tallafin mai. Ɗana Ƙasimu kan dawo daga kabu-kabu yana ƙunƙuni, wai mutane sun koma tafiya a ƙasa, sai ya yini a unguwar Gidan Igwai bai ɗauki na kirki ba. Kin san mashin ɗin nan da na saya masa lokacin da na bar jan tifa a kamfanin siminti na Kalambaina, shi ke riƙe da tukunyar gidan nan. Na ce masa ya yi haƙuri, mun ga irin wannan a baya kuma ta wuce. Ki ci ki ƙoshi ranar cika-ciki, ki yi wa ubangidanki addu'a.

Ubangidanki,
Maccido

Birnin Ƙonni
24 ga Yuli, 2023

Zuwa ga kurman ubangidana,

Wa alaikumus salam. Na ga takarda, na ga kaya, Allah ya ƙara arziki, ya kuma buɗe wannan kunne ko don ka ji irin zagin da nake yi maka daga nan. Muna lafiya. Ruwa ya sauka sosai, geron maigida ya yi kyau. Ka gaida Sadiya, ka ce mata wutsiya ta yi, ita kaɗai ce mai hankali a gidan nan. Maganar atamfa kuwa, mai ido irin naka ba zai gane kyakkyawa ba ko an ɗora masa ita a hanci.

Bari in ba ka labari. Ka san aikina a ofishin ƙididdiga, bin kasuwa ina tambayar farashi, da shiga gidaje ina tambayar mata abin da suka sa a tukunya. Makon jiya aka tara mu a Tawa don ƙarin sani. Wani saurayi mai gilashi ya haska mana zane a jikin bango, layi biyu, kore naku, ruwan goro namu. Ya ce an tattara abin da gidajen ƙasa suka kashe a shekara, ci da sha da sutura da magani da haya, an raba da yawan mutane, an mayar da shi kuɗi iri ɗaya don a gwada ƙasa da ƙasa, shekara bayan shekara, tun wajen dubu biyu.

Maccido, naku layin ya tashi kamar zai huda rufi. Ya yi ta hawa har wajen dubu biyu da goma sha huɗu, daga nan ya fara gangarowa, ya ɗan tsaya, ya sake gangarowa. Namu yana can ƙasa yana rarrafe, bai taɓa yin tsalle ba, amma bai cika komawa baya ba. Kada hawan jininka ya tashi, har yanzu kuna samanmu. Tazarar ce dai ta fara tsukewa.

Kowa a ɗakin yana kallon layi, ni kuwa kayan shararka nake gani. Na tuna shekarun da kake jan tifa, lokacin da sai ƙarti biyu sun kama kafin a sauke kayana daga mota, maƙwabta na leƙowa ta katanga. Har da bargo, wata shekara har da rediyo. Sannan buhun shinkafa ya koma rabi, sannan ya ɓace, madara ta bi shi. Bana Mode da hannu ɗaya ya miƙo mini kayan, ɗayan hannun yana riƙe da rake yana sha.

Saboda haka ga shawara. In layin nan ya ci gaba da abin da yake yi, baɗi ka nemi tsintsiya mai kyau. Ni zan aiko maka da shara, ka shigo motar Mode ka zo ka share mini tsakar gida, in dama maka fura ka sha ka koma. Ka fara gwada sunkuyo tun yanzu, don na san halin bayan nan naka.

Baiwarka ta ɗan lokaci,
Atika

Birnin Ƙonni
12 ga Nuwamba, 2023

Maccido,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya, don ni ban san halin da kuke ciki ba. Ban daɗe da ba Mode waccan takarda ba sojoji suka karɓi mulki a Yamai, aka rufe iyaka, motarsa ta maƙale a ɓangarenku. Wannan wani mai mashin na ba, cikin masu ratsa daji, ban sani ba ko za ta iso.

Mun sha wuya. An yanke wutar da ke zuwa mana daga wajenku. Shinkafa ta yi tsadar da ban taɓa ganin irinta ba tun da na fara aikin nan, maganin hawan jinin maigida kuwa sai da muka aika har Tawa. Masu zuwa daga bakin iyaka sun ce manyan motoci sun yi jerin gwano, albasa na ruɓewa a ciki. Da saurayin nan mai gilashi zai sake zanensa yau, namu layin ma ya sunkuya. Geron gona ne ya rufa mana asiri.

Na kira wayar Ƙasimu ba sau ɗaya ba. Kullum sai ya ce Baba lafiya lau, ya fita. Na ce ya gaya maka baiwarka na nan da rai, ko saƙon zagi ne ka ba shi ya faɗa mini. Ya ce zai faɗa. Mutane na ratsa dajin nan kullum da buhuna a kan mashin, ba za a rasa mai sa takarda a aljihu ba. Me na yi maka?

Atika

Runjin Sambo, Sakkwato
18 ga Afrilu, 2024

Atika,

Assalamu alaikum. An sha ruwa lafiya, an yi Sallah lafiya, Allah ya maimaita mana. Takardunki biyu sun iso. Tun da aka buɗe iyaka Mode ke zuwa yana tsaya mini a ka, shi ya sa na ɗauki biro. Muna lafiya. Nana ta dawo gida da 'ya'yanta uku, mijinta ya tafi neman aiki kudu, shiru har yau. Gida ya cika, alhamdu lillahi.

Kin tambayi abin da kika yi. Ranar da takardarki ta farko ta zo, tabarauna ya karye, ina zaune a majalisa, ƙofar gidan maƙwabcina Alhaji Jibrin. Don murnar baiwata ta rubuto, sai na miƙa wa ɗansa na ce ya karanta kowa ya sha dariya, kuma kin san sai an ɗaga murya nake ji. Ya karanta tun daga kore da ruwan goro har zuwa rake da tsintsiya. An kuwa yi dariyar. Alhaji Jibrin har da hawaye, ya ce, "Maccido, ashe baɗi kai ka shara Ƙonni? Bari mu yi maka karo-karon tsintsiya." Tun daga ranar sunana a unguwa ya koma Bawan Nijar. Yara ma sun ɗauka.

Shekara nawa muna zagin juna? Kin ce mini kurma, kin ce mini mai kan tulu, ban taɓa jin zafi ba, don na san wasa ne. Wannan karon kuwa zama kika yi kika tuno duk abin da na taɓa sa miki a kaya, kika auna shi, kika haɗa da zanen wani yaro, kuma duk abin da kika faɗa gaskiya ne. Shi ne ya yi mini ciwo, kuma har yanzu yana yi.

Ki kuma gaya wa mai gilashin naku, ƙasar da ya zana tana gangarowa ita ce ta ɗauke wuta kuka kwana cikin duhu. Taliyar da kike ci, da man da ke cikin mashinanku, da simintin ɗakinki, duk ta Illela suka bi. Na ji sefarku ta yi nauyi, yanzu mutanenku ke shigowa kasuwarmu suna ɗaga kaya ba tare da ciniki ba. Ba komai. Mu azumin bana ba mu sha shayi da sukari ba, amma don lafiya ne, an ce yana kawo ciwo. Layinku ya hau ko ya sauka, ni ne dai ɗan namiji. Ki tanadi ƙarti biyu watan cika-ciki.

Ubangidanki har gobe,
Maccido

Birnin Ƙonni
2 ga Mayu, 2024

Ɗan'uwana Maccido,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, muna yi muku barka da Sallah, Allah ya dawo da mijin Nana lafiya. Na karanta takardarka a tsaye, na zauna na sake karantawa, na yi kuka. Wallahi ban rubuta don majalisa ba, kai kaɗai na rubuta wa, kuma da na san inda maganar za ta sauka da na haɗiye ta. Aikin nan ya ɓata mini ido, komai na gani sai na auna. Ka yafe mini.

Amma don Allah ka bar maganar ƙarti biyu. Ranar kasuwa da idona nake gani, mata daga ɓangarenku na zuwa da kwanonin jerensu da keken ɗinki suna sayarwa don su koma da sefa. Mu mun saba da kaɗan tun muna yara, cikinmu ya san iyakarsa. Ku kuwa daga sama abin ya sako ku, na san ya fi ciwo. Ga gida ya cika maka a irin wannan shekara.

Rumbunmu da saura. Ka bar ni in aiko wa Sadiya da buhun gero, tsakanina da ita, ba da sunan shara ba, ba kuma wanda zai ji. Kai kuwa ka aiko mini da wutsiya kaɗai, ta ishe ni in yi wa maƙwabta fankama.

Baiwarka,
Atika

Runjin Sambo, Sakkwato
10 ga Yuli, 2024

Zuwa ga baiwata, mummunar Ƙonni, mai awon kayan mutane,

Sallama. Muna lafiya ƙalau, fiye da yadda zanenku ya ce. Geronki ki riƙe abinki ki dama fura, gidan Maccido bai fara karɓar sadakar bayi ba tukuna. Na yafe miki, don na ga kin yi laushi.

Albishirinki. Ƙasimu ya samu aiki a Kalambaina wajen wani ɗan kwangila, ya ajiye kabu-kabu, Allah ya buɗa mana. Ga shara nan: buhun shinkafa cikakke, jarkar mai, katan ɗin taliya, sukari, madara, da atamfa turmi biyu, don a ƙarshe na dace da masu munin da ya kamace ki. Wutsiya ce babu, kyanwa ta riga ki. Na sa Mode ya tsayar da mota a ƙofar gidan Alhaji Jibrin, gaban majalisa aka ɗora kayan, ƙarti biyu suka kama suna nishi. Ba wanda ya ƙara ambaton tsintsiya. Ki kira mai gilashi ya zo ya zana wannan.

Wanda ya mallake ki,
Maccido

Birnin Ƙonni
18 ga Yuli, 2024

Zuwa ga mai kan tulu, sarkin kurame,

Alhamdu lillahi! Muna lafiya, kuma tun da Mode ya sauke kayan nan bakina bai rufu ba. Ba kayan ne suka fi faranta mini rai ba, zagin ne. Shekara guda ba wanda ya ce mini mummuna, har na fara zaton na yi kyau. Allah ya sa wa aikin Ƙasimu albarka, ya sa ya ɗore. Ashe tsorona ne ya yi yawa.

Na bi umarninka, ƙarti biyu na ɗauko daga tasha, na kuma bar ƙofa a buɗe don maƙwabta su more wa idonsu. Ranar cika-ciki na ɗora babbar tukunyar biki. Shinkafa da wake da mai har yana tsiyaya, taliya a gefe, shayi da madara mai kauri. Na aika wa kowane gida a layinmu da kwano, na ce daga ubangidana na Sakkwato. Tsohuwar da ke bayanmu ta ci har ta kasa tashi, ta ce in gaya maka, "Nijeriya ba ta mutu ba, barci tay yi." Yara sun kwanta ciki kamar tulu. Ina tunaninku lokacin, na ce ko yaya tukunyar Sadiya take, tun da wannan ragowa ce kawai kuka aiko.

Atamfar kuwa ta yi muni ƙwarai, na ba tela.

Baiwarka mai biyayya,
Atika

Runjin Sambo, Sakkwato
19 ga Yuli, 2024

Zuwa ga gwaggon su Ƙasimu,

Assalamu alaikum. Ni ce Sadiya, Nana ke rubuta mini, maigidana Malam bai sani ba. Ina gaishe ki da maigida da yara. Lafiyar jiki muna da ita. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, yau dai na ce sai na faɗa, don ba ni da wanda zan gaya wa in ba ke ba.

Ƙasimu bai samu wani aiki ba. Mashin ɗin Malam ya sayar, da shi aka yi kayan da suka zo miki. Ƙasimu ya roƙe shi, ni ma na roƙe shi, ya ce mashin ɗin ai ba ya kawo komai sai cin mai, kuma shi ba zai mutu da sunan da aka laƙa masa ba. Gaskiya abin da yake kawowa kaɗan ne, amma da kaɗan ɗin muke auno masara. Yanzu Ƙasimu na zuwa tasha yana dako, wata rana a samu, wata rana a'a. Kyanwa kuma ba ta ci wutsiya ba. Bana ba mu yi layya ba.

Ranar cika-ciki abin da ya saura na tattara na yi tuwo, na kaɗa kuka ba mai. Na raba a kwano, na manya kaɗan, na yara da ɗan dama. Malam ya ƙi fita waje da nasa, ya zauna tsakar gida tare da mu. Luba ta cinye nata ta suɗe kwano, sannan ta dube shi ta ce, "Kaka, wai gaskiya na, wanda bai ƙoshi ba yau ba shi ƙoshi hab baɗi?" Haka yaran unguwa suka gaya mata. Malam bai ji ba. Ya juyo wajena ya ce, "Mi tac ce?" Na ce ba komai. Ya dubi Nana, ta sunkuyar da kai. Yarinya kuwa ta ga ba a amsa mata ba, sai ta tashi ta kama kunnensa kamar yadda ta saba, ta faɗa da ƙarfi, har maƙwabta na ji.

A nan Malam ya ji. Ya tura mata kwanonsa, ya ce ta raba da ƙannenta, ya shiga ɗaki. Tun ranar bai je majalisa ba, masallaci kawai, ya dawo. Shekara talatin da wani abu ina tare da mutumin nan, ban taɓa ganinsa haka ba, kuma tsoro nake ji.

Geron da kika ce, in yana nan, ki aiko. Kunya ta ƙare mini. Don Allah kada ki ce ni na faɗa.

Taki,
Sadiya

Birnin Ƙonni
25 ga Yuli, 2024

Ubangidana,

Sallama. Jikinmu lafiya, amma ni abinci ya ƙi shiga mini. Na san maganar mashin, na san ta layya, kada ka tambayi wanda ya gaya mini, hanyar Illela cike take da baki. In na tuna ina rabon kwano gida-gida da shinkafar nan ina yi maka kirari, a daidai lokacin da jikokinka ke suɗe kwano, sai in ji kamar in haƙa rami in shiga. Takardata ta murna tana hannunka yanzu, ka ƙona ta.

Ga gero buhu biyu da wake a motar Mode. Na ce masa ya jira majalisa ta watse, ya bi ta lungun baya. Kafin ka buɗe baki, ka saurara. Kai ka ce ni baiwarka ce. To tun yaushe baiwa ke da rumbu nata na kanta? Abin da na noma naka ne, shekara da shekaru ina ci ban kawo maka ba, ɓarauniyar baiwa ce ni. Kayanka na dawo maka da su. Ka karɓa, ka zage ni a kan jinkiri, ka ce geron ma duk tsakuwa ne.

In ka mayar da shi, wallahi zan biyo Mode in zauna a ƙofar gidanka.

Baiwarka,
Atika

Runjin Sambo, Sakkwato
9 ga Agusta, 2024

Zuwa ga Malama Atika,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da maigida da iyali duka, ina sanar da ke muna lafiya. Saƙo ya iso, gero buhu biyu da wake, ba abin da ya taɓa su. Geron mai kyau ne, ba tsakuwa ko ɗaya. Yara sun ci sun ƙoshi, Luba har ta fara wasa a waje.

Na gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara wa rumbunku albarka, ya jiƙan gwaggo da ta haife ki. Ki miƙa godiyata ga maigida, don na san guminsa ne.

Na ga dabarar da kika yi mini a takarda, na kuma san don ki rufa mini asiri kika yi. Na ɗauki biro don in amsa miki yadda kike so, na daɗe a zaune, abin ya ƙi fitowa. Ba zan iya ciyar da jikokina da geronki sannan in ce miki baiwa ba, bakina ba zai iya ba. Maganar shara na sauke ta daga bana. Abin da kika faɗa bara gaskiya ne, ni ne ban so ji ba.

Sadiya da Nana da Ƙasimu suna gaisuwa tare da godiya.

Naki cikin girmamawa,
Muhammadu Maccido

Birnin Ƙonni
15 ga Agusta, 2024

Maccido,

Sallama. Muna lafiya. Na ji daɗi yara sun ci, Allah ya raya su.

Na karanta takardarka na juya bayanta, na zazzage ambulan, ina neman inda ka ɓoye zagin. Da ban gani ba na bi Mode har tasha na ce ko an ba shi saƙon baka. Ya ce, "Cewa yay yi in gaishe ki da kyau, in yi miki godiya." Ya ce har bakin mota ka rako shi, ka cire hula kana sa albarka. Na dawo gida ban san ta inda na biyo ba.

Malama! Wa ya ce maka ina neman wanda zai kira ni Malama? A ofis ana kira, a unguwa ana kira, 'ya'yan cikina ma da ladabi suke yi mini magana. Tun da inna ta rasu, kawu ya bi ta, duk duniyar nan mutum ɗaya ya rage da zai dube ni ya ce mummuna in ji sanyi a raina, don shi kaɗai ya san ni tun ina yawo ba zane. Shi na rasa, kuma da hannuna. Ban san wanne ya fi ba, wasan da na yi bara ko geron da na aiko bana. Na yi kuka har maigida ya ce ko rasuwa aka yi a Sakkwato.

Na yi tunanin in daina aikowa, ko ka huce ka dawo yadda kake. Sai na tuna Luba ba ta yi wa kowa laifi ba, kuma lokacin girbi da saura. Saboda haka zan ci gaba, ina sane da cewa kowane buhu ya shiga gidanka ƙara nesanta ka zai yi da ni. Na zaɓi hakan, ba wanda ya tilasta mini.

Mode zai taso da wani buhun farkon wata. In za ka rubuto, kada ka yi mini godiya. In kuwa godiya kaɗai ta rage maka, ka bar takardar, shirunka ya fi mini sauƙi.

Baiwarka, ko ka sallame ni,
Atika